Motar da Baba Ya Yi wa Jinya

Mahaifinmu dillalin shanu ne a karar Shinkafi, wato kasuwar dabbobi, kuma tun ina yaro na san ba ya son a kira shi da wannan suna. Cewa yake dillalai sun ɓata dillanci, shi mai tsayawa tsakanin mutum biyu ne kawai. Duk wanda ya sayi bijimi ta hannunsa ya san abu guda: in ya kai shi gida ya tarar da wani ciwo da ba a faɗa masa ba, tari ne ko ciwon hanta ko tsohuwar karaya, ya maido shi, Baba zai tsaya kai da fata sai mai shi ya karɓi abinsa. Amma fa da sharaɗi. Ba a mai da dabba a kwance. Sai ka yi jinyarta tukuna, ka ba ta dusa da kanwa, ka nemo mata magani, har ta miƙe ta tako kara da ƙafarta. Ka ɗoro bijimi a kan kura ka sauke gaban wanda ya sayar maka, wannan cin fuska ne, daidai yake da ka ce a bainar jama'a mushe ya ba ka. Na sha ganin Baba ya mayar da mutum gida ya ce ya je ya yi jinya ya dawo, kuma ba wanda ya taɓa ganin rashin adalci a ciki.

Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kama sunana ba. Tun da na fara koyarwa a wata firamare a Ƙaura yake ce mini Malam, wani lokaci da girmamawa, wani lokaci da zolaya, kuma ba ka iya bambancewa. Tsakanina da autanmu mata ne, duk sun yi aure. Auta shi kaɗai ya rage a gaban Baba da Inna. Ƙato ne, ya fi ni tsawo da faɗin ƙirji, boko bai karɓe shi ba, shi ma bai nace ba. Ya yi shekaru yana yaron mota har ya iya tuƙi, ya yi lasin, amma motar ja ba ta samu ba. Noma kuwa ya zama abin da ya zama. Gonakinmu na nesa da gari ba mai zuwa, na kusa ba su ciyar da gida.

A wannan lokacin ne abokansa suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, suna tsallaka iyaka zuwa ramukan zinariya can gaba da Agadas. Wasu sun dawo da babur da sabuwar waya. Wasu sun dawo da tari. Akwai kuma waɗanda iyayensu har yau ba su san ko zaman makoki za su yi ko jira ba. Auta ya sayi jaka ya rataye a ɗakinsa, bai ce wa kowa komai ba, amma Inna ta gani. Tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Baba ba mai yawan magana ba ne a cikin gida, sai dai ya ce da ni wata rana, muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, in yaron nan ya tafi shi ya san ba za su sake ganawa ba. Bai taɓa gaya mini tsoronsa a kan wani abu ba sai ran nan.

Shanun huɗa biyu suka rage masa, farare, ya rene su tun suna maruƙa. Ajiye shanu a gida ya riga ya zama kiran masifa, kowa ya sani, amma ya ƙi rabuwa da su. Saboda Auta ya kora su kara da kansa ya sayar. Ya ce zai saya masa mota ya riƙa jigila tsakanin Shinkafi da Ƙaura, ya fita da safe ya kwana gida.

Ba su gaya mini ranar da za su zo Ƙaura sayen motar ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ina gari ɗaya da mai sayar da motocin, na san makanikai, amma sai dai na ji hon a ƙofar gidana. Na fito na ga wata shuɗiyar mota mai dogon baya, ta hannu ce amma fentinta yana ɗaukar ido, Auta a gaban sitiyari bakinsa ya ƙi rufuwa, Baba a gefe ya gyara zaman hula.

Na ce, "Baba, wane makanike ya duba muku ita?"

Ya ce, "Makanike na mi? In tahi wurin mutum da mai bincike, in nuna mai ban yarda da bakinai ba?"

Auta ne ya ba ni labarin cinikin. Baba ya zagaya motar a hankali, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya sa an tayar da ita ya kasa kunne. Sannan ya dubi mai motocin ido cikin ido, ya yi masa tambayar da yake yi wa duk mai sayar da dabba a kara: akwai wani ciwo gare ta wanda ido ba ya gani? A kara, amsar wannan tambaya ita ce ciniki, ita ake riƙe mutum da ita. Mutumin, wani matashin alhaji mai fara'a, ya ce lafiyarta lau, in ta yi wani abu a maido masa. Aka yi musafaha, aka sa albarka. Baba ya ce ya san kakan alhajin ma, mutanen kirki ne. Na haɗiye abin da ke bakina na ce Allah ya sa alheri.

Ba zan ɓoye ba, mun ji daɗin 'yan kwanakin nan. Jakar ta sauka daga bango ta koma ƙarƙashin gado. Auta yakan wanke motar tun da sanyin safiya har ƙarƙashin taya, in ya shigo Ƙaura ya biyo ta makaranta ya yi mini hon don dai 'yan ajina su leƙo. Ran Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, sai ya yi sawu a kan sawu. Inna ta koma cin tuwonta. Abu ɗaya na lura da shi, kullum akwai jarkar ruwa a bayan motar, kuma duk tsayawa sai ya buɗe gaba ya ƙara mata. Na tambaye shi, ya ce ai haka tsofaffin motoci suke, suna da ƙishirwa.

Wata rana wasu 'yan biki suka ɗauke shi shata zuwa Zurmi. Sun kusa Dauran sai tururi ya turnuƙe gaban motar, ta yi shiru ta tsaya. Wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin tsayawa ba ce. Kafin ya gama buɗe gaba, fasinjojin sun tare wata mota sun bar shi. Wani mai a-kori-kura ne ya taimaka ya ja shi da igiya zuwa wurin wani makanike a Dauran. Da aka kwance saman injin sai ga tsaga, tsohuwa, an like ta da gam an shafe. Man injin ya haɗu da ruwa ya koma kamar kunu. Makaniken ya ce wannan aikin ba na jiya ba ne, wanda ya like ya san abin da yake yi.

Auta ya kira ni daga Dauran, Baba ya riga ya iso wurin. Na ce kada a taɓa komai, a ɗaura mata igiya a jawo ta Ƙaura a jibge wa mutumin a ƙofar shagonsa, kowa ya gani. Ba wai sanin doka ya sa na faɗi haka ba. Zuciya ce kawai, so nake ya ji kunya.

Baba ya karɓi wayar ya ce, "Malam, ba haka aka yi ba. Ba a mai da dabba kwance."

Na ce, "Baba, wannan ba dabba ba ce, ƙarfe ne."

Ya ce, "Wanda yas sayas da ita mutum na. Ban ja ta da igiya cikin gari in tona mai asiri. Mu tashe ta, ta tako da ƙahwatta, sannan in yi magana da shi tsakanina da shi."

Ya buɗe rumbu ya fitar da gero ya sayar, a shekarar da geron ma bai kai ba. Aka nemo wani saman inji na hannu daga Gusau aka ɗaura. Ya riƙa hawa motar haya daga Shinkafi zuwa Dauran yana zama a kan benci wurin makaniken, yana kallo, yana tambaya ko ta fara jin sauƙi. Tsohon ƙarfen mai tsaga kuwa, da makaniken ya tambaye shi yadda za a yi da shi, ya ce ya riƙe, me zai yi da shi. Bai kwana biyu ba 'yan gwangwan suka saye shi a kan sikeli.

Motar ta tashi. Baba ya ce ba a gaggawa, sai an gwada an ga ta tsaya da ƙafarta, don kada a kai wa mutum abin da zai faɗi a gabansa. Auta ya koma ɗaukar fasinja da ita har kasuwa biyu. Tana tafiya, amma ba ƙarfi, hayaƙi fari yana bin ta, ruwan kuma bai daina ɓacewa ba. Makaniken ya ce zafin nan ya riga ya taɓa ƙasan injin, gyaransa sai dai sabon inji. A nan Baba ya ce to, an yi mata abin da ya kamata, yanzu a mayar.

Aka wanke ta, aka cika mata tanki. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a. Muka shiga mu uku muka nufi wurin mai motocin, wani fili da aka kewaye da waya a bakin hanyar Gusau. Ya tarbe mu da fara'arsa, ya sa aka kawo wa Baba kujera da ruwan sanyi. Baba ya ja shi gefe yadda yaransa ba za su ji ba, ya yi masa bayani a hankali, har da ba shi uzuri, wai ƙila shi ma haka aka sayar masa bai sani ba. Ya ce ga ta nan ya yi mata jinya, bai kawo ta a wulaƙance ba, kuma abin da ya kashe bai nema.

Mutumin ya je ya ɗaga murfin gaba ya leƙa. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Baba, wa ya buɗe injin ga?"

Baba ya ce shi ya sa aka buɗe.

Ya ce, "To ai wagga ba motad da nis sayar muku ba ta. An canza mata kai, an yi haya da ita. Ni ina zan san abin da direba ya yi mata bisa hanya? Da kun kawo ta yadda take, da sai mu duba."

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. Na kira shi macuci, na kira shi abin da ya fi haka, mutane suka fara taruwa a bakin waya. Shi ko gezau, hannunsa a aljihu, yana cewa a nuna masa tsagar in akwai. Baba ya kama hannun rigata ya ce in yi shiru. Na dube shi na ga fuskarsa ba fushi, mamaki ne kawai. Mutumin da ya yi shekaru yana sa Fulani da fatake su karɓi shanunsu da magana ɗaya, ya tsaya a filin nan yana kallon motar. Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar kallonsa.

Akwai wani tsohon alƙali a unguwarmu da ya yi ritaya, mutane suna zuwa zaurensa neman shawara. Na lallaɓa Baba muka je, Auta yana biye da mu. Alƙalin ya saurara har ƙarshe bai katse mu ba. Ya ce haƙƙi kam akwai shi. Wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, shari'a ta ba shi ya mayar ya karɓi kuɗinsa, dokar ƙasa ma ba ta yarda a yaudari mai saye ba, mota ce ko akuya. Na ji sanyi a raina. Sai ya juya ga Baba ya tambaye shi, da ya ga aibin me ya yi.

Baba ya gyara zama. Da alfahari ya faɗa, don a ganinsa nan ne hujjarsa take. Ya ce ya yi mata magani da geronsa, ya gwada ta kasuwa biyu, ya wanke ta, sannan ya mayar.

Alƙalin ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ya ce abin da ake so, da zarar ka ga aibi ka tsaya, ka sanar da mai shi, ka kira shaidu su gani. In ka gani ka gyara, ka ci gaba da mora, ana ɗauka ka yarda da abin a yadda yake. Ya ce duk da haka ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, ana iya neman a rage masa abin da aibin ya rage wa motar, in an tabbatar tsohon aibi ne. Ya tambayi inda ƙarfen yake. Muka ce an sayar. Ya tambayi wanda ya ga tsagar ban da mu, muka ce makaniken ne kaɗai, mai motocin kuma zai ce makaniken ne ya ɓata ta yana kare kansa.

Ya ce, "To, saura abu guda. Ku kai ƙara. In ya musa, a ba shi Alƙur'ani ya rantse bai san da tsagar ba. Da yawa ba su iyawa. In an zo nan sai su nemi sulhu."

Na ce gobe ma sai mu shigar. Auta ya ɗago kai, karon farko tun da muka zauna.

Baba ya dubi alƙalin. Ya ce, "Allah gafarta malam, in kuma ya rantse hwa?"

Alƙalin ya ce in ya rantse shi ke nan, tsakaninsa da Allah.

Baba ya ce, "Shina iyawa. Na ga idonai. Yaro na, shina da ƙuruciya da son kuɗɗi, ɗauka zai yi. Ni kau na san ƙarya ta. In sa ɗan mutane shi ɗauki Littahi bisa ƙarya shi halaka, da shi da ɗiyanai, don ƙarhe? Shekarata nawa cikin kara ban taɓa sa kowa rantsuwa ba. Ban hwarawa da tsuhwana. Na bar shi da Allah."

Na yi magana, na yi magiya, na kawo misalai. Alƙalin da kansa ya ce neman haƙƙi ba zunubi ba ne, wanda ya rantse a kan ƙarya shi ya halaka kansa. Baba ya yi godiya ya miƙe ya nemi takalmansa.

A ƙofar zauren Auta ya tsaya. Bai taɓa mayar wa Baba magana ba tun da aka haife shi, ran nan ma bai ɗaga murya ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Baba, kun ji tausan ɗan wani."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Baba ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Na so in tsawata wa yaron, amma na fasa, domin abin da ke raina ya faɗa.

Motar ba ta ƙara wata kasuwa ba. Ta mutu a ƙofar gidana, ta zauna har tayoyinta suka sace, awakin maƙwabta suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Kuɗin sabon inji babu, shanu babu, gero ya yi ƙasa. Daga ƙarshe masu sayen motoci su farfasa suka zo suka yi mata kuɗi. Abin da suka bayar Baba bai taɓa ko sisi ba, ya kira Auta ya damƙa masa, ya ce hakkinsa ne, ya ja jari. Duk mun san jarin da zai ja. Bai fi kuɗin mota da guzuri zuwa Agadas ba, kuma can ɗin ya tafi. Ya durƙusa ya yi wa Inna sallama tana kuka, ya durƙusa gaban Baba, Baba ya sa masa albarka, ba wanda ya dubi wani a cikinsu.

Na daɗe ina fushi da mai motocin, har yanzu in na bi ta gaban filinsa nakan kau da kai. Na yi fushi da Baba ma, fushi mai tsanani, na yi watanni ban je Shinkafi ba. Da na je na tarar ya rame, ya rage zuwa kara, sai fushin ya rasa wurin zama. Ban san yadda ake fushi da mutum don ya ƙi zama abin da ba shi ba. Amma kuma ban iya cewa ya yi daidai, domin na ga abin da ya biya da shi.

Auta yana raye, alhamdu lillahi. Yakan kira jefi-jefi, in ya fito inda ake samun sabis, kuma wayata yake kira. In na san lokacin ya yi nakan yi ƙoƙari in kasance a gida Shinkafi don Inna ta ji muryarsa. Zuwana na ƙarshe ya kira muna zaune a tsakar gida. Na ji yana tari, ya ce mura ce. Ya yi magana da Inna ya daɗe, ya tambayi yayyensa mata da 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina, har tunkiyar Inna ya tambaya ko ta haihu. Baba yana kan tabarmarsa kusa da ni, ya ajiye carbi, ya goge tafinsa a jikin riga.

Na karɓi wayar na ce, "Ga Baba nan kusa."

Na ji numfashinsa a cikin wayar. Sannan ta katse.

Baba ya riga ya miƙo hannu. Ya bar shi a miƙe kaɗan, sannan ya mayar a kan gwiwarsa.

Ya ce, "Sabis ɗin can ba shi da kyau, ko Malam?"

Na ce, "E, Baba. Ba shi da kyau."